Bindiga mai ruwan hoda a Amurka: don wa ake yin ta, kuma ina doka ta tsaya?

Duk watan Janairu idan kamfanonin makamai suka taru a Las Vegas don baje kolinsu na shekara da ake kira SHOT Show, sai hotuna su fara yawo a Facebook da TikTok, ƙananan bindigogi ruwan hoda, wasu shunayya, wasu shuɗi mai haske, wasu har da ƙyalƙyali a jikin mariƙin, a ƙarƙashin hoton kuma mutane na ta gardama, wannan ya ce ta roba ce ta yara, wancan ya ce ai da kwamfuta aka canza mata kala. To na gaske ne fa. Harsashin da ke fita daga bakin mai ruwan hoda shi ne dai wanda ke fita daga bakin baƙa, gudunsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya. Inda abin ya cakuɗe shi ne ƙa'idar gwamnatin tarayyar Amurka ta lissafo kalolin da za a iya shafa wa bindigar wasa don a gane ta wasa ce, ruwan hoda da shunayya suna cikin jerin, amma babu wata dokar tarayya da ta hana a shafa wa ta gaske waɗannan kalolin.

## Wace irin bindiga ake nufi

Galibi ƙaramar bindigar hannu ce, kuma iri biyu ce. Akwai libarba, mai gangar nan da ke juyawa tana ɗauke da harsashi 5 ko 6. Akwai fistol, wadda harsasanta ke jere a kwanso cikin mariƙi, kuma sai an ja marfin samanta baya kafin harsashin farko ya shiga. Kalar kuma ta hanya uku take zuwa: ko a zuba ta tun a cikin robar da ake ƙera gangar jikin da ita, ko a rina alminiyam ɗin, ko a fesa wani fenti mai ƙarfi da ake gasawa, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Cerakote na wani kamfani a jihar Oregon. Wannan na ukun shi ya sa duk bindigar da mutum ke da ita zai iya kai ta shago a mayar da ita kowace kala.

Kamfanin Charter Arms na jihar Connecticut yana da libarba mai suna Pink Lady da ƙanwarta Lavender Lady. Kamfanin Kimber yana da jerin ƙananan fistol mai suna Micro masu shuɗi da shunayya da ruwan zinare mai ja-ja. Fistol ɗin LCP ta kamfanin Ruger da ta fito a 2008 ta zo da kaloli iri-iri a shekarun da suka biyo baya. Har kayan farauta abin ya shiga, don a 2016 Wisconsin ta zama jiha ta farko da ta halatta wa mafarauta sa riga mai ruwan hoda mai haske a madadin ruwan lemu da aka saba, kuma wasu mata mafarauta ne suka fi kowa sukar matakin, suka ce ba kalar riga ce ta hana mata shiga daji ba.

## Daga ina aka faro

Tallan bindiga ga mata ya girmi kalar nesa ba kusa ba. Tun 1902 Smith & Wesson ya fitar da wata 'yar ƙaramar libarba da aka san ta da Ladysmith. A 1989 kamfanin ya dawo da sunan, a lokacin da cinikin bindigar hannu ya ja baya a shekarun 1980 kuma kamfanoni ke neman sabbin masu saye, tunda mazan da ke saye yawancinsu sun riga sun mallaka. A 1992 kamfanin Colt ya saka talla a mujallar matan gida ta Ladies' Home Journal, hoton uwa tana kwantar da ɗanta barci. A 1993 ƙungiyar NRA, babbar mai kare 'yancin mallakar bindiga, ta fara wani shirin koya wa mata kare kai mai suna Refuse To Be A Victim. Shekara guda bayan haka cibiyar Violence Policy Center da ke Washington, mai fafutukar a tsaurara dokokin bindiga, ta fitar da rahoto tana zargin masana'antar da tsoratar da mata don ta sayar musu da kaya. Kenan layin gardamar da ake ja yau an shata shi fiye da shekara 30 da suka wuce, kalar ce kawai ta zo daga baya, lokacin da gangar jikin roba ta yawaita kuma rina ta ya zama abu mai arha.

Ko mata na saye? Suna saye. Binciken cibiyar Pew na 2017 ya nuna kashi 22 cikin 100 na matan Amurka sun ce suna da bindiga, maza kuma kashi 39. A na 2023 mata sun kai kashi 25, maza 40. Wani binciken da Matthew Miller da Deborah Azrael da abokin aikinsu suka wallafa ya ƙiyasta cewa daga Janairun 2019 zuwa Afrilun 2021, lokacin da ya haɗa da korona da zanga-zangar kisan George Floyd da zaɓe mai zafi, kimanin mutum miliyan 7.5 ne suka mallaki bindiga karo na farko, kuma kusan rabinsu mata ne. Dalilinsu ma ya bambanta da na maza. A binciken Pew na 2017 kashi 27 na mata masu bindiga sun ce kare kai ne kaɗai dalilinsu, maza kashi 8 ne suka ce haka. Sannan matsakaicin shekarun da mace ke samun bindigarta ta farko 27 ne, namiji 19. Wato da yawa daga cikinsu ba a cikin harkar suka tashi ba, sun shigo ne da girmansu, kuma a kanti suke fara koyon komai daga bakin mai sayarwa.

## Matsalar da masu koyar da harbi suka fi magana a kai

Nan ne abin ya fi ɗaukar hankali, don sukar da ta fi ƙarfi ba daga masu adawa da bindiga ta fito ba, daga cikin gida ta fito. Salon da kamfanoni suka daɗe suna bi shi ne a ɗauki bindigar da ake da ita, a rage mata girma, a shafa mata ruwan hoda, a ce ga ta mata. A ido abin ya yi daidai, ƙaramin hannu ƙaramar bindiga. A filin koyon harbi kuwa akasin haka ne.

Duk lokacin da harsashi ya fita gaba, bindiga tana tunkuɗowa baya, kuma nauyin bindigar ne ke shanye wani ɓangare na wannan tunkuɗar. Pink Lady nauyinta kusan giram 340 ne, alhali babbar libarba ta ƙarfe tana kaiwa kilo 1 ko sama da haka, to idan aka sa musu harsashi iri ɗaya mai sauƙin nauyin ita ce za ta fi dukan tafin hannu. Ga kuma kunama. A irin waɗannan ƙananan libarba jan kunamar na buƙatar ƙarfin da ya kai kilo 4 zuwa 5, wato yatsa ɗaya yana ja da ƙarfin da ya ninka nauyin bindigar sama da sau 10, ta yaya bakin ba zai karkace ba? Ga gajartar baki da ke sa saiti ya yi wuya, ga mariƙi ɗan guntu da ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. A ƙananan fistol kuma sifirin ɗin marfin sama yakan yi tauri, mai raunin hannu ko mai ciwon gaɓoɓi sai ta sha wuya kafin ta ɗana. Sakamakon da masu koyarwa ke yawan ba da labari shi ne mace ta harba sau kaɗan, hannunta ya yi zafi, ta mayar da ita cikin durowa ba ta sake zuwa atisaye ba, bindigar tana nan a gida amma mai ita ba ta iya sarrafa ta ba.

Kamfanoni sun ji wannan ƙorafin, shi ya sa salon ya fara sauyawa. A 2018 Smith & Wesson ya fitar da Shield EZ wadda aka sassauta jan marfinta. A 2022 kamfanin Walther na Jamus ya fitar da PDP F-Series da ya ce an auna ta ne da hannun mata, an rage kaurin mariƙi, an matso da kunama kusa, an rage ƙarfin jan marfi da kusan kashi 20 cikin 100, kuma baƙa ce wuluk. A farkon 2023 kamfanin Sig Sauer ya fitar da P365 Rose tare da gwanar gasar harbi Lena Miculek, ita ma baƙa ce da ɗan ado na ruwan zinare mai ja-ja a wasu sassa, aka haɗa ta da akwatin kullewa da bidiyon koyarwa. Masu kala dai ba su ɓace daga kanti ba, har yanzu suna da masu saye.

## Me doka ta ce

Tun 1988 dokar tarayya ta wajabta wa masu yin bindigar wasa su sa mata alama. Alamar da kowa ya sani ita ce toshiyar nan mai ruwan lemu a bakin bindigar. Amma ƙa'idar ta ba da wani zaɓi, a rina duk jikin abin wasan da fari, ko ja, ruwan lemu, rawaya, kore, shuɗi, ruwan hoda ko shunayya masu haske. Kenan nauyin bambancewa an ɗora shi ne a kan abin wasa, ta gaske kuma an bar ta ta sa duk kalar da mai ita yake so.

Wurare kaɗan ne suka taɓa wannan gibin. Birnin New York a 2006, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, ya haramta mallaka da sayar da bindiga mai kalar yaudara, har da kayan fentin da ake yin ta da su, kuma a ma'aunin dokar kalolin da aka amince da su su ne irin baƙi, ruwan toka mai duhu, kore mai duhu da ruwan azurfa ko na ƙarfe. Wani kamfanin fentin bindiga a Wisconsin, Lauer Custom Weaponry, ya mayar da martani da fitar da jerin fenti masu haske ya sa musu sunan Bloomberg, abin da ke nuna yadda batun kala ya zama siyasa. California kuma ta sa tarar da za ta iya kaiwa dala 10,000 a kan ƙera ko sayar da bindigar da aka rina jikinta da ruwan lemu ko kore mai haske, amma ruwan hoda ba ya cikin wannan haramcin. A mafi yawan sauran jihohi babu abin da doka ta ce.

Sai ɓangaren talla. A 2022, bayan wani kamfani ya nuna ƙaramar bindiga mai suna JR-15 da aka yi don yara, California ta kafa dokar hana tallan bindiga ta hanyar da za ta ja hankalin ƙananan yara, kuma girma da kala suna cikin abubuwan da dokar ta ce a duba. A Satumban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke San Francisco ta ce da alama dokar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Illinois ta yi tata dokar a Agustan 2023. A lura, batun yara ne ya haɗa waɗannan dokokin. Babu wanda ya hana tallata wa baligar mace bindiga, kuma da wuya a iya, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Heller a 2008 da ta Bruen a 2022 da suka ƙarfafa 'yancin mallaka da na ɗaukar bindiga a waje.

## Yara da 'yan sanda

Masu neman a taƙaita kalolin hujjarsu biyu ce. Ta farko yaro ɗan shekara 3 ko 4 da ya buɗe jakar mahaifiyarsa ya ga abu mai kalar kayan wasansa. A 2020 harbin bindiga ya zama kan gaba wajen kashe masu shekara 1 zuwa 19 a Amurka bisa alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ko da yake mafi yawan waɗannan mace-macen kisan kai ne da kashe kai a tsakanin matasa, na kuskure kaɗan ne a ciki. A Afrilun 2013 a wani ƙauye a Kentucky yaro ɗan shekara 5 ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara 2 da bindigar Crickett da aka ba shi kyauta, irin wadda kamfanin ke yi wa yara da kaloli har da ruwan hoda, an jingine ta a lungu ba a san da sauran harsashi a ciki ba. A 2021 kuma wani kamfani a Utah ya yi wa fistol ƙirar Glock riga mai kama da bulullukan wasa na Lego, sai da Lego ya aika masa takardar gargaɗi ya janye ta.

Ɗaya ɓangaren amsarsu ita ce yaro ba ya buƙatar kala kafin ya ɗauki bindiga. Akwai wani bincike da aka wallafa a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2001, aka bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗaki da aka ɓoye bindiga ta gaske wadda ba za ta tashi ba, yawancin rukunonin da suka gano ta sun taɓa ta, kuma kusan rabin yaran da suka gan ta ko dai sun ɗauka ta wasa ce ko ba su da tabbas. Ba a kan kala aka yi binciken ba, don haka kowane ɓangare zai iya jan sa, wani ya ce tunda dama suna rikicewa kar a ƙara musu, wani ya ce tunda dama suna rikicewa maganin shi ne makulli.

Hujja ta biyu ɗan sanda ne da ke da daƙiƙa ɗaya ya yanke hukunci. A aikinsu kala tana da ma'ana: bindigar atisaye da ba ta harbi shuɗiya ce ko ja, na'urar Taser mai jan mutum da lantarki galibi rawaya ce, bindigar da ke harba 'yan ƙananan buhuna don kayar da mutum ba don kisa ba sau da yawa ana sa mata ruwan lemu. Idan ta gaske ta zo da irin waɗannan kaloli, ko dai jami'i ya yi jinkiri a gaban makami na gaske, ko kuma, wanda ya fi faruwa a aikace, a koya masa kada ya yarda da kala kwata-kwata. Wannan na biyun a kan yaron da ke riƙe da abin wasa yake faɗawa. Tamir Rice ɗan shekara 12 da ɗan sanda ya harbe a Cleveland a Nuwamban 2014 bindigar wasa ce a hannunsa, wadda toshiyar ruwan lemunta ta cire.

## Matan da kansu ba bakinsu ɗaya ba

A cikin ƙungiyoyin mata masu harbi irin A Girl & A Gun da aka kafa a Texas a 2011 da The Well Armed Woman ta 2012, za ka samu masu cewa kalar ce ta sa suka ji wannan abin nasu ne a kantin da maza suka cika, har wasu na raha cewa ita ce hanyar da miji ba zai ara ba. Za ka samu masu ganin raini ne, a ce mace ta shigo neman makami a fara nuna mata kala kafin a tambaye ta me za ta yi da shi. Akwai masu cewa wanda ya tare ki a hanya zai iya ɗauka ta wasa ce ya ƙi ja da baya, wanda hakan zai tilasta harbi, wasu kuma su ce bindigar da ke ɓoye a kube ko jaka babu mai ganin kalarta sai lokacin da magana ta riga ta ƙare. Duk waɗannan hasashe ne da kowa ke yi daga abin da ya gani.

Inda alƙaluma suke da yawa shi ne kan tambayar da ke ƙarƙashin tallan, wato ko bindiga a gida tana ƙara wa mace tsaro. Binciken Jacquelyn Campbell na 2003 ya gano cewa idan mijin ko saurayin da ke dukan mace yana da bindiga a hannu, haɗarin ya kashe ta yana ninkuwa kusan sau 5. David Studdert na Jami'ar Stanford ya bi bayanan mutum sama da miliyan 26 a California, ya wallafa a 2020 cewa mata masu bindigar hannu sun fi waɗanda ba su da ita mutuwa ta hanyar harbe kansu da kusan ninki 35. A wani bincikensa na 2022, waɗanda ke zaune gida ɗaya da mai bindigar hannu sun fi fuskantar harbi daga abokin zama da kusan ninki 7, kuma kashi 84 cikin 100 na waɗanda aka kashe ta haka mata ne. Ƙungiyar Moms Demand Action da Shannon Watts ta kafa bayan harbin makarantar Sandy Hook a 2012 tana kafa hujja da irin waɗannan. Masu kare mallaka kuma suna cewa matsakaicin lissafi ba ya bayyana halin mace ɗaya da ke zaune ita kaɗai, nesa da ofishin 'yan sanda, da tsohon miji mai barazana, kuma lokutan da aka nuna bindiga mahari ya gudu ba tare da harbi ba yawanci ba sa shiga kowane kundi. A Yunin 2024 Kotun Ƙoli, da alƙalai 8 a kan 1, ta tabbatar a shari'ar Rahimi cewa ana iya hana bindiga ga wanda kotu ta ba umarnin nesantar abokiyar zamansa saboda barazana.

## Abin da ya shafi mai saye

Wadda ta je kanti a Texas ko Florida za ta cike fom ɗin tarayya mai lamba 4473 a binciki tarihinta, ko wace kala ta zaɓa. Bambancin yana zuwa daga baya. Bindigar da ta halatta a garinta za ta iya zama laifi biyu a birnin New York, na rashin lasisin birnin da na kala. Dillalai kuma sukan ce mai kala tana da wuyar sake sayarwa tunda masu nemanta ba su kai na baƙa yawa ba. Shawarar da masu koyarwa suka fi maimaitawa ita ce a je filin harbi da ke ba da haya a gwada iri 3 ko 4 kafin a biya kuɗi, a ga ko yatsa na kaiwa kunama ba tare da murɗa hannu ba, a ga ko za a iya jan marfi, a tanadi akwatin kullewa rana ɗaya da bindigar, kalar kuma ana iya fesa ta daga baya.

Da yawa daga cikin masu kalar nan maza ne ke saya wa matansu ko 'ya'yansu. Kyauta ta gaskiya ga wadda doka ba ta hana ba halal ce a dokar tarayya, ko da yake wasu jihohi na buƙatar a bi ta hannun dillali. Amma mace ta cike fom da sunanta alhali saurayin da doka ta hana ne ya ba ta kuɗin kuma shi zai karɓa, wannan babban laifi ne, kuma dokar da aka kafa a 2022 ta kai hukuncinsa har shekara 15 a gidan yari.

'Yan uwanmu da ke zaune can su ma akwai abin lura. Mai katin zama na dindindin yana iya saye kamar ɗan ƙasa, amma wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi mallaka sai da wasu keɓantattun dalilai kamar lasisin farauta. Wanda kuma ya ga hoton a Kano ko Kaduna har ya fara tunanin a sayo masa, Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba a jerin haramtattun makamai da sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙe su, kuma ba ta ware wata kala ba.